Satiru Ma Tarihinmu Ce

Duk wanda ya san Sakkwato ya san sunan Giginya. Akwai filin wasa na Giginya, akwai barikin soja, akwai otal, duk suna ɗauke da sunan filin da mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya suka tari sojan Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Burmi ma ba a manta da ita ba, don har yanzu ana zuwa ziyarar kabarin Attahiru a ƙasar Gombe, inda ya faɗi ranar 27 ga Yuli na wannan shekarar. A Haɗeja kuwa ba a ambaton Sarki Muhammadu sai an haɗa da laƙabinsa, Mai Shahada. Duk sun cancanci haka, Allah ya jiƙansu. To amma akwai wani ƙauye, mil 14 kacal kudu da birnin Shehu, inda aka kashe mutanen da suka fi na Giginya da na Burmi yawa ko da an haɗa su wuri guda, kuma a nan ne aka yi wa sojan Turawa kayen da ba a taɓa yi musu irinsa ba tun shigowarsu ƙasar nan. Sunansa Satiru. Shiga kowane aji na sakandare a Kano ko Katsina ka ambaci sunan, za ka ga yara suna kallon juna.

A ganina shirun ya isa haka. Satiru na cikin wuraren da suka fi tasiri a tarihin Arewa na ƙarni na 20, kuma abin da ya sa ba ma son zancenta shi ne labarinta bai yi wa kowa daɗi ba. Bai yi wa Turawa daɗi ba, bai yi wa sarauta daɗi ba, su kansu Satirawa ma, in za a faɗi gaskiya, ba su fita fes ba. Irin wannan labarin ne ya fi cancanta a zauna a karanta.

Satiru ba tsohon gari ba ne. An kafa ta a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, a wani yanki da ke tsakanin ƙasashen Danchadi da Dange da Shuni da Boɗinga. Mazaunanta ba 'ya'yan kowa ba ne. Malaman zaure ne da almajiransu, da manoma masu gudun haraji, sai kuma bayin da suka tsere daga gandayen manyan Sakkwato. Maganar bayin nan ita ce aka fi tsallakewa, alhali in babu ita ba za a gane Satiru ba. A 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar dokar bauta: an hana kamun bayi, duk jaririn da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, kotun Turawa kuma ba ta san wani wai shi bawa ba. Sai dai dokar ba ta kwance wanda ke hannun ubangijinsa ba, sai in ya fanshi kansa, galibi ta hanyar murgu, wato bawa ya riƙa yi wa kansa aiki yana biyan ubangijinsa wani kaso. Turawan ma ba su so bayi su watse su bar gonakin sarakunan da suke shirin yin mulki da su. Ba a haramta bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Don haka bawan da ya ji an ce Nasara ya zo da 'yanci, ya waiwaya ya ga har yanzu gandun ubangijinsa yake nomawa, ga kuma sabon haraji a kai, ba abin da ya rage masa sai ƙafarsa. Satiru na cikin wuraren da ƙafar ke kai mutum, domin can akwai mafaka, kuma mutanenta sun ƙi biyan haraji ga kowa, Bature ko basarake.

Sai kuma zancen Mahadi, wanda ya cika ƙasa a wancan zamani. Tun Mujaddadi Shehu Usmanu yana raye ake raɗe-raɗin ko shi ne, har sai da ya fito fili ya ce ba shi ba ne. Da ƙarni na 13 na Hijira ya zo ƙarewa, Muhammad Ahmad ya bayyana a Sudan a 1881, ya ci Khartum a 1885. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a ya kafa sansani a Balda, arewacin Kamaru ta yau. Burmi ɗin da muke girmamawa ita kanta garin 'yan Mahadiyya ce, ta Malam Jibrilla Gaini. Waɗanda suka tsira daga can, ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Attahiru, gabas suka ci gaba da nufa har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, inda zuriyarsu take har yau. Wato jiran Mahadi ba haukan wasu ƙauyawa ba ne su kaɗai. Manya da ƙanana, masu ilimi da marasa shi, da yawa sun ɗauka faɗuwar daula a hannun Nasara alama ce ta ƙarshen zamani. Bambancin kawai shi ne manya sun yi hijira ko sun yi haƙuri, su kuwa na Satiru suka ce a nan za a yi ta.

A 1904 shugaban garin, Malam Maikaho, ya yi da'awar Mahadiyya. Aka kama shi aka kai Sakkwato, ya mutu a tsare kafin a yanke masa hukunci. Aka rantsar da mutanensa cewa ba za su sake ba, aka sallame su, aka ɗauka magana ta mutu. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, mabiya kuma suka fara kallonsa a matsayin Isan da zai zo bayan Mahadi. Ana cikin haka sai ga baƙo daga yamma, wani makahon malami Bazabarme da ake kira Ɗan Makaho. Shi ne ya jagoranci boren Kobkitanda a ƙasar Doso a ƙarshen 1905, Faransawa da taimakon Zarmakoy, wato sarkin Doso, suka murƙushe shi a Janairun 1906, ya tsallako iyaka da ragowar mutanensa ya sauka a Satiru. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba ta dame shi ba, kamar yadda ba ta dami kowa a yankin ba a lokacin.

Ranar 13 ga Fabrairu, 1906, 'yan kwanaki bayan babbar sallah, Satirawa suka auka wa maƙwabtansu na Tsomau da suka ƙi bin su, suka ƙone garin, suka kashe mutane fiye da goma. Dole a faɗi wannan, kuma a faɗe shi da wuri. Jinin farko da aka zubar a wannan fitina na talakawa ne Musulmi, kuma Satirawa ne suka zubar da shi.

Washegari labari ya kai bariki. Razdan na Sakkwato, Manjo Burdon, bai daɗe da kama hanyar tafiya hutu ba, ya bar wa muƙaddashinsa Preston-Hillary aiki. Hillary ya ɗauki mataimakinsa Scott, da likita Ellis, da sojan doki kimanin 70 ƙarƙashin Laftanar Blackwood, suka nufi Satiru da niyyar kama shugabannin. A zatonsu ganin kaki kaɗai ya isa. Da suka matso, Hillary ya zarce gaba don ya yi magana da mutanen, sai ya ga taro ya taso masa gaba ɗaya. Blackwood ya riga ya fara jera sojansa a sahu mai kusurwa huɗu irin wanda suka saba, sai ya ga razdan na cikin haɗari, ya matsar da sahun gaba don ya kai masa ɗauki. Kafin su sake daidaituwa an cim musu. Dawaki suka firgita, sahu ya wargaje, aka koma sara da suka. Hillary da Scott da Blackwood duk suka mutu a wurin tare da sojoji baƙaƙe 25, likita ya tsira da rauni, bindiga mai ruwa ta faɗa hannun Satirawa. Makaman da aka yi wannan aiki da su gatura ne da fartanyu da kibau da 'yan masu. Malam Isa ya sami raunin da ya zama ajalinsa, jagoranci ya koma hannun Ɗan Makaho.

Daga wannan rana zuwa 10 ga Maris kwana 24 ne, kuma ni a wurina su ne zuciyar labarin. Mulkin Turawa a Arewa bai cika shekara uku da cin Sakkwato ba. Su 'yan ƙalilan ne warwatse a ƙasa mai faɗin gaske, abin da ke riƙe da su kuwa shi ne imanin da jama'a suka yi cewa ba a cin Bature da yaƙi. Ga shi manoma sun ci shi da fartanya. Da yawa daga cikin sojan Lugga suna can bakin Binuwai, an tura su ƙasar Tibi bayan rikicin Abinsi na watan Janairu, waɗanda suka rage masa a hedkwatarsa ta Zungeru ba su taka kara sun karya ba. Turawan da ke Sakkwato suka shige ƙaramar ganuwarsu suna jiran abin da zai faru. Da Sarkin Musulmi ya ce a tashi, ko da ma shiru kawai ya yi ya naɗe hannu, da labarin ya kai Gwandu da Katsina da Kano da wata fuska dabam.

Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na biyu bai ce a tashi ba, bai kuma yi shiru ba. Ya tsaya tare da Turawa. Marafa Muhammadu Maiturare ya taso daga Gwadabawa da dawakinsa don tsare birni da bariki. Sarakunan wasu ƙasashe suka aiko da saƙon biyayya da tayin taimako.

A nan ne masu saurin hukunci ke cewa cin amana, su wuce. Ni ban ga abin da sauƙi haka ba. Mutumin nan ya ga abin da bindiga mai ruwa ta yi a Giginya shekara uku da suka wuce, ya san yadda wanda ya gada ya ƙare a Burmi. Ya san ko an kore Turawan Sakkwato yau, gobe wasu za su taso daga Lokoja da Ikko, kuma birnin Shehu da Hubbare ne za su biya. Hujjar da Waziri Buhari ya kafa tun 1903 ke nan da ya koma ya yi sulhu, cewa a zauna da su a zahiri don a tsare addini da rayukan jama'a. Ta fuskar shari'a kuma, malaman Sakkwato ba su da wata hanya ta karɓar da'awar Mahadin ƙauye da alamominsa ba su cika ba, balle wanda mabiyansa suka halatta jinin maƙwabta. Cikin kwanakin nan ma Satirawa sun ci gaba da kai hari garuruwan kewaye da suka ƙi yi musu caffa. Duk waɗannan dalilai ne na gaske. Amma akwai na ƙarshe da ba a son faɗa, shi ma na gaske ne: Satiru barazana ce ga dukiyar masu sarauta. Garin da ke janye bayi daga gandu, yake koya wa talaka ƙin biyan haraji, abokin gaban fada ne ko da Bature bai taɓa zuwa ba. A ranar, bukatar fada da ta bariki suka zo ɗaya, kuma kowannensu ya gane haka.

Ranar 10 ga Maris rundunar Manjo Goodwin ta iso, soja fiye da 500 da bindigogi masu ruwa da igwa, ga dawakin sarakuna a gefe. Satirawa ba su gudu ba, ba su kuma ɓuya a bayan ganuwa ba. Suka fito fili suka yi ta afka wa sahun soja, wuta na cin su, suna sake dawowa. Da ƙarfinsu ya ƙare aka shiga garin da banati, wato wuƙar bakin bindiga, mahaya suka bi waɗanda suka tsere cikin daji suna kashewa. Lissafin Turawan da kansu ya ce mutum kimanin 2,000 aka kashe. Mata da yara wajen 3,000 aka koro zuwa Sakkwato, aka rarraba da yawansu a gidajen manya. A lura, wannan shekara biyar ke nan bayan dokar da ta hana kamun bayi, kuma a gaban idon waɗanda suka kafa dokar aka yi. Aka kama Ɗan Makaho da rauni, aka yi masa shari'a a kotun Sarkin Musulmi, aka kashe shi a kasuwar Sakkwato tare da wasu manyan mabiyansa. Aka rushe garin har ƙasa, Sarkin Musulmi kuma ya la'anci duk wanda ya sake gini a wurin ko ya noma gonakinsa.

Ko a Landan abin ya tayar da ƙura. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mallaka, ya rubuta a fayil yana tambayar yadda za a kare irin wannan kisa ga taron da kusan ba su da makami. Tambayar ta tsaya a fayil. Lugga ya bar Arewa a wannan shekarar, aka ba shi gwamnan Hong Kong, ya dawo a 1912 ya haɗe Kudu da Arewa a 1914.

Abin da ya sa na ce ƙauyen nan ya fi girmansa a tarihi shi ne abin da ya biyo baya. Satiru ta zama ma'aunin da Turawa suka auna kowane sarki da shi. Sarkin Musulmi ya sami lambar girma daga Sarkin Ingila. Marafa Maiturare, da gadon ya faɗi a 1915, shi ya hau. Sarkin Gwandu na lokacin, da aka zarga da karkata ga Satirawa, aka tuɓe shi. A Katsina, cikin fargabar kwanakin nan ne Turawa suka nemi a gina musu ganuwar tsaro da gaggawa, Sarki Yero ya yi ta jan ƙafa, Durbi Muhammadu Dikko ya tara mutane ya gama aikin. Kafin shekara ta fita an cire Yero an ɗora Dikko, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma na Sulluɓawa, inda take har yau. Haɗeja kuwa, da ma Turawa na jin haushin taurin kanta, da suka gama da Satiru sai suka juya kanta, ranar 25 ga Afrilu Sarki Muhammadu ya faɗi da takobi a hannu. Can tsallaken iyaka ma a shekarar Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa bisa zargin ƙulla makirci, suka kai shi gudun hijira. Ƙauye ɗaya ba shi kaɗai ya jawo wannan duka ba, amma tsoron da ya jefa a zukatan masu mulki yana cikin kowane ɗayansu.

Mafi girma daga ciki shi ne darasin da Turawa suka ɗauka. Kafin 1906 akwai masu ganin sarakuna wata gada ce ta wucin gadi, da an zauna da gindi za a rage musu ƙarfi. Bayan Satiru wannan magana ta yi rauni ƙwarai. Sun ga da idonsu cewa ba bindiga ce ta cece su cikin kwana 24 ɗin nan ba, rawani ne. Daga nan aka shiga ƙarfafa sarakuna a kan talakawansu, aka tsara baitulmali da kotuna da gidajen yari na En'e, aka kuma sa ido a kan duk malamin da ya tara jama'a ba da izinin fada ba. Tsoron Mahadiyya bai bar su ba har shekaru masu yawa: a 1923 suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa suka kai shi Kamaru. Wannan En'e ɗin da 'yan NEPU suka tashi yaƙa a 1950, suna kiran sawaba ga talaka, wani babban ɓangare na ƙarfinta a filin Satiru aka ƙulla shi. Wanda bai san 1906 ba zai yi ta mamakin yadda sarautar da Turawa suka ci da yaƙi ta wayi gari ta fi ƙarfin talaka fiye da yadda take kafin zuwansu.

Na san abin da za a ce. Za a ce a ƙasar da ta ga Maitatsine a Kano a Disambar 1980, ta ga Boko Haram tun 2009, ga kuma Lakurawa yanzu a Tangaza da Gudu, wane mai hankali ne zai ɗauko labarin masu da'awar Mahadi ya sa a gaban yara? Ba kambama 'yan tayar da ƙayar baya ke nan ba? Wannan tsoro ba na banza ba ne, ban kuma raina shi ba. Amma koyarwa dabam, kirari dabam. Ba na neman a kira Ɗan Makaho waliyyi. Da'awarsu ɓata ce, abin da suka yi wa Tsomau zalunci ne, a faɗa wa yara haka ƙarara. Sai a ƙara musu da cewa waɗannan mutane baƙon da ya ci ƙasarsu da yaƙi shekara uku kacal da suka wuce suka tunkara, wanda hakan ya raba su da masu tayar da bam a masallaci da kasuwa a ƙasa mai 'yancin kanta. Sannan a tambaye su: me ya sa dubban manoma da bayi suka bi makaho baƙo zuwa bakin bindiga? Me suka rasa a wurin sarki da alƙali da malaman birni har suka neme shi a wurinsa? Yaron da aka saba masa da irin wannan tambaya ya fi wuyar ruɗuwa a hannun mai wa'azin ƙarya fiye da wanda aka ɓoye wa komai.

Hukuma ma akwai nata karatun a ciki. A 1904 an kama shugaba, ya mutu a tsare, aka rantsar da mabiya aka koma barci, ba wanda ya waiwayi abin da ya tara su. Shekara biyu suka dawo da zafin da ya fi na da. Duk wanda ya tuna yadda Muhammad Yusuf ya mutu a hannun 'yan sanda a Maiduguri a Yulin 2009, da abin da ya biyo baya, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Za a kuma ce tono wannan magana cin fuska ne ga gidan Shehu. Ni kuwa ina ganin gidan Shehu ya fi kowa sanin irin wannan labari. Gab da hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami da jama'arsa, ta kashe na kashewa, ta koro mata da yara a ɗaure. Da aka biyo da su ta kusa da Degel mutanen Shehu suka kwance su, kuma wannan na cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi. Degel ɗin ma ai ƙauye ce, a idon fadar Alƙalawa kuma taron malamai ne masu taurin kai. Ba ina daidaita Shehu da Ɗan Makaho ba ne, Allah ya kiyaye, tsakanin ilimin wannan da da'awar wancan akwai tafiyar shekara. Abin da nake cewa shi ne daular da aka kafa a kan ƙin yarda a kori Musulmi talakawa a matsayin ganima, tana da ma'aunin da za ta auna ranar 10 ga Maris da shi, kuma nata ne, ba aro ta yi ba. Magabatan Sakkwato ba su ɓoye rigingimunsu ba. Shi Abdussalamin nan daga baya ya yi wa Sarkin Musulmi Bello tawaye a Kware, aka yaƙe shi ya mutu a 1818, kuma Bello da kansa ya rubuta yadda abin ya faru, har da wasiƙun da suka yi musaya da ƙorafin da Abdussalami ya yi. Malam Abdullahin Gwandu ma bai tauna ba wajen sukar abokan jihadinsa da ya ga sun karkata ga duniya. Mutanen da suka bar mana irin wannan gado ba su ne za a ce jikokinsu ba sa iya jin zancen Satiru ba.

Akwai kuma wani abu da ke damuna game da yadda muke ba da tarihi gaba ɗaya. Tarihinmu jerin sarakuna ne: wane ya hau, ya shekara kaza, ya yi yaƙi kaza, wane ya gaje shi. Ƙauye ba ya shiga sai in sarki ya yada zango a cikinsa ko ya mutu a can. Sarki Muhammadu na Haɗeja ya faɗi mako shida da 'yan kwanaki bayan Satiru, a hannun soja iri ɗaya, muka ba shi Mai Shahada. Manoma 2,000 kuwa ko sunan mutum goma daga cikinsu ba ma ambata. Na yarda akwai bambancin aƙida a tsakani. Amma yaran da aka koro zuwa birni ba su yi da'awar komai ba, matan da aka raba a gidaje ba su ƙone Tsomau ba. Sun haihu, 'ya'yansu sun haihu, jininsu na cikin mutanen Sakkwato na yau.

Abin da nake nema ba shi da tsada. An cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 'yan shekarun nan aka dawo da shi, wato yanzu ne ake rubuta littattafan da yara za su karanta shekaru masu zuwa. Satiru ta sami babi a ciki, da Hausa da Turanci, babin da zai kawo hujjar Sarkin Musulmi da ta Satirawa da ta mutanen Tsomau, ya bar ɗalibi ya yi tunani. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta ayyana kufan Surame a matsayin wurin tarihi tun 1964, ta auna kufan Satiru ta shata iyakarsa ta kafa allo, ko da bayanin bai wuce kwanan wata da adadin waɗanda suka mutu ta kowane ɓangare ba, har da sojoji 25 ɗin nan, waɗanda su ma 'ya'yan talakawan ƙasar nan ne da suka sa kaki don neman abinci. Rahotannin Burdon da Lugga suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, a fassara su zuwa Hausa mutane su karanta da idonsu yadda Bature ya ba da labarin. Mafi gaggawa kuma, sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da gidan tarihi na Waziri Junaidu su tura ɗalibai Dange da Shuni da Danchadi da Boɗinga, har Doso, su naɗi abin da ya rage a bakin tsofaffi. Waɗanda suka ga yaƙin sun daɗe da tafiya, 'ya'yansu ma haka. Jikokin da suka ji daga bakin kaka su ne suka rage, kuma mafi yawansu sun haura saba'in.

Sai dai na san halinmu. Ba malamin jami'a ko ma'aikacin gwamnatin jiha da zai so a ce shi ne ya fara taɓa abin da fada ta rufe da bakinta. Don haka nake ganin daga fadar ya kamata a fara. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar tsohon soja ne, ya san abin da ake nufi da a bi mutanen da suka riga suka karye a ci gaba da kashewa. Ba sai ya yanke wa kakanni hukunci ba, ba kuma wanda ya nemi haka. Ya isa majalisarsa ta kira taron masana a kan 1906, ta buɗe abin da ke hannunta na takardu, ta ce a yi bincike a rubuta, sannan a yi wa duk waɗanda suka mutu a wannan fitina addu'a, na Satiru da na Tsomau da na sauran garuruwan kewaye. In fada ta yi haka, jami'a da ma'aikatar ilimi ba su da sauran uzuri.